Hunturu Ya Shigo, Uwargida Ɗauko Kwarashinki

 Ga shi hunturu ya sake kewayowa. Iskar nan mai ƙura da ke tasowa daga Sahara tun Nuwamba har Fabrairu ta kora kowa ɗaki, hirar tsakar gida ta mutu. To 'yar uwa, me kike yi da waɗannan dogayen darare?

Dalilin tambayata, a hunturun bara maƙwabciyata ta haihu, ni kuwa wata ya yi nisa. Har na yi niyyar laɓewa sai bayan suna, don kunyar shiga taro hannu rabbana. Sai na tuna da kwarashin da innata ta bar mini. Da ulu ƙulli biyu, cikin dare huɗu na saƙa hula da safa. Ranar suna an tara atamfofi da sabulai, amma hulata ce a kan jaririn har aka yi arba'in. Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani.

In ba ki iya saƙa ba, fara da shirya duwatsun ado, ya fi sauƙi. Ana samunsu a manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, in kuma kin dace da na gilashi da Nufawan Bida ke yi, kin more. Nemi zaren roba mai ƙarfi da maɓalli. Sarƙar wuya tana cin kamar inci 18, abin hannu inci 7, jigida kuwa sai kin auna mai ita. Shimfiɗa ƙyalle a kan faifai kafin ki zuba duwatsun don kada su gangare. Jera kalolin ki ga tsarinsu tukuna, sannan ki zura, ki ƙulle bakin sau uku.

Ki shafa man kaɗanya kafin ki taɓa ulu, domin busasshen hannu yana tsirge zare. In kin tashi, ki sa aikin a leda saboda ƙura. Sannan don Allah ki yi nesa da mai rarrafe, dutse ɗaya ya isa ya shaƙe yaro. Kada kuma ki ɗaura wa jariri sarƙa a wuya.

Kada ki zauna ke kaɗai, jawo 'yan matanki kusa. Abin da innata ta koya mini shi ya fitar da ni kunya, ke me za ki bar wa taki 'yar? Yi wa surukarki safa, ki yi wa abokiyar zamanki abin hannu, ki ga yadda fuska za ta saki. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa na ce har da hannu.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. A sha sanyi lafiya.