Kayan gyaran injin kwale-kwale: orijina ko na kasuwa?

Tun da aka sakar wa kasuwa darajar Naira a Yunin 2023, kayan gyaran Yamaha Enduro mai doki 40, injin da ke tura kwale-kwale da yawa daga Yawuri zuwa Baga, suka yi tsadar da ke sa mai jirgi ya karkata ga na kasuwa. Ban ga laifinsa ba, sai dai ba kowane ƙarfe ne ya cancanci wannan rangwame ba. Farfela, igiyar tayarwa, tiyon mai, duk ana iya sa na kasuwa, domin lalacewarsu ido na gani tun kafin a bar gaɓa. Filogi ma haka; NGK ke ƙera wanda Yamaha ke sawa, matuƙar ba jabu aka saya ba. Amma 'yar robar nan da ke juyawa cikin famfo tana tura ruwan sanyaya inji, ita ce wurin taurin kai. Ruwan kogin Neja cike yake da yashi lokacin damina, roba mara kyau kuma nan da nan take cinyewa. Inji ya yi zafi, fistin ya kama, jirgi ɗauke da mutane da buhunan hatsi ya tsaya cak a tsakiyar tafkin Kainji, iska na kaɗa shi.

Za a ce ai orijinan ma jabu ne a kwalin kamfani. Gaskiya ne, kasuwa ta cika da su. Maganinsa dila mai rasit da bakaniken da zai nuna maka tsohuwar robar da ya cire. Za a ce kuɗi. A kwatanta farashin roba ɗaya da na sake fistin da zobbansa.