Ko-ta-kwanan Da Ke Sharar Barci: Martani Ga Masu Cewa "Ai Mun Sa Biyu"

Maƙalar wannan mako ta ɗan kauce wa abin da muka saba, don haka muna roƙon malamanmu na wannan zaure su bi mu zuwa ƙarshe kafin su ɗaga bulala.

A labaran da muke rubutawa, "sabis ya ɗauke" ya zama kamar saukar ruwan sama, ba mai tambayar dalili. Jaruma na tsaye gaban mai POS, kuɗin maganin mahaifiyarta sun maƙale, sai marubuci ya ce matsalar netwok ce, ya wuce abinsa. Mu kuwa muna cewa wani kaso na wannan ɗaukewar yana da mai shi. Akwai wanda aka ɗora wa alhakin saita wata na'ura bai saita ba, ko ya saita bai gwada ba. Yau a kan sakaci guda za mu tsaya: ƙwaƙwalwar ko-ta-kwana da ake sa wa manyan rautoci, da bugun ƙirjin da ake yi da sunanta.

Rauta ita ce na'urar da ke tsaye a mararrabar hanyoyin intanet, tana karɓar ƙunshin bayanai tana nuna wa kowanne inda zai bi. Babbar rauta ta raba aikinta biyu. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke zantawa da maƙwabtan rautoci ta ƙa'idoji irin su OSPF da BGP, ta tattara labarin hanyoyi ta tsara jadawali. Akwai kuma katunan layi, inda ake soke wayoyi. Su ne ke ainihin dakon bayanan, bisa kwafin jadawalin da ƙwaƙwalwa ta miƙa musu. Manyan na'urori kamar Cisco 7600 da ASR 1006 da ASR 9000, ko Juniper MX480, suna da gurbin ƙwaƙwalwa biyu: ɗaya tana riƙe da ragama, ɗaya tana jira.

To a nan ne maganar da muke adawa da ita ta samo asali. Ka tambayi mai kula da netwok ɗin wata ma'aikata ko yana da shirin ranar da ƙwaƙwalwar rautarsa za ta mutu, sai ya nuna maka fitilu biyu suna ci, ya ce "ai mun sa biyu". Shugabanninsa sun biya kuɗi, takardar saye tana cikin fayil, hankalin kowa ya kwanta. Mu muna cewa wannan amsar ba ta amsa komai ba. Tambayar ita ce: a wane hali ta biyun take jira?

Ku ɗauki doguwar motar da ta taso daga Kano za ta Legas da direbobi biyu. Na farko ya sume a kan sitiyari. Idan na biyun yana can baya yana barci, dole motar ta tsaya, a tashe shi, ya wanke ido, ya tayar da injin, ya tambayi inda ake. Idan yana zaune a gaba idonsa biyu, zai karɓa da wuri, amma sai ya sake tambayar hanya. Idan kuwa tun daga tasha yake bin hanyar da ido, ya san gudun motar da ramin da ke gaba, zai kama sitiyari fasinja bai ma farga ba. Duk ukun nan motoci ne masu direba biyu, kuma kuɗin mota ɗaya fasinjojinsu suka biya.

Haka matakan suke a na'urorin Cisco. Na ƙasa shi ne RPR. A nan ƙwaƙwalwa ta biyu ba ta gama tashi ba, abin da ke hannunta kawai saitin farawa. Idan ta farko ta faɗi, sai ta ƙarasa tashi, ta kashe katunan layi ta sake kunna su, sannan a fara koyon hanyoyi daga tushe. Littafin jagorar Catalyst 6500 ya ba wannan mataki minti 2 zuwa 4. Na tsakiya shi ne RPR+, inda ta biyun ta tashi sarai, tana riƙe da saitin da ake aiki da shi, ba a kuma sake kunna katunan layi, sai dai hanyoyin da aka koya sun tafi. Shi an ba shi daƙiƙa 30 zuwa 60. Na sama shi ne SSO, inda ta farko ke kwafa wa ta biyu halin da ake ciki a kai a kai: wace ƙofa ke buɗe, wane jadawali katunan ke bi. A wannan na'urar miƙa ragama a SSO ba ya wuce daƙiƙa 3.

Kada wani ya ce minti 4 ba komai ba ne. Shekara tana da minti 525,600. Kamfanin da ya yi wa abokan hulɗarsa alƙawarin aiki kashi 99.999 cikin ɗari, abin da ya rage masa na ɗaukewa a duk shekara minti 5 ne da kusan daƙiƙa 15. Faɗuwa ɗaya a matakin RPR ta cinye mafi yawansa. Kuma wannan lissafin na farfaɗowar na'urar ne kaɗai, ba a sa lokacin da za ta ɓata tana sake karɓar hanyoyi daga maƙwabta ba.

Saita SSO ba wani aikin gabas ba ne. Ana shiga sashen redundancy a rubuta mode sso, a wasu na'urorin ma a haka suke zuwa. Tarkon yana wani wuri. SSO yana buƙatar ƙwaƙwalen biyu su kasance da manhaja iri ɗaya, bugu ɗaya. Idan suka bambanta, na'urar ba ta ƙin tashi, sai ta sulale ta koma RPR tana ci gaba da aiki kamar lafiya lau. Saitin yana cewa SSO, aikin kuwa RPR ne.

Mun ga wannan da idonmu lokacin da muke horon sanin makamar aiki a wata ma'aikata. An sabunta manhajar ƙwaƙwalwa ɗaya aka bar ɗayar "sai an samu lokaci", lokacin bai samu ba har aka manta. Ranar da wani daga cikinmu ya rubuta show redundancy states don koyo, layin maƙwabciya ya nuna STANDBY COLD, alhali abin da ya kamata a gani shi ne STANDBY HOT. Da muka nuna wa ogan sashen, ya ce mu bar abin da ke aiki ya yi aikinsa. Layi ɗaya ne a kan allo, duba shi ba ya cin daƙiƙa goma, amma watanni ba wanda ya leƙa.

Ko an samu SSO daram, aikin bai ƙare ba. SSO yana tsare katunan layi, amma zantawar OSPF da BGP tana tsinkewa, sabuwar ƙwaƙwalwa sai ta sake gaisawa da maƙwabta. Su kuwa maƙwabtan, da zarar sun ga zance ya yanke, ɗabi'arsu ita ce su goge duk hanyoyin da suka bi ta kanka, su shelanta wa sauran cewa ka mutu. Katunanka a shirye suke su yi dako, ga shi ba mai kawo musu kaya. Maganin wannan shi ne abin da Cisco ke kira NSF, wanda ya dogara da yarjejeniyar sake tashi cikin lalama. An rubuta ta ga OSPF a RFC 3623 a shekarar 2003, ga BGP kuma a RFC 4724 a 2007. Ma'anarta a taƙaice: "Idan ka ji ni shiru, kada ka goge hanyoyina, ci gaba da turo kaya, ina dawowa." A BGP na Cisco, idan ba a canza ba, maƙwabci yana jira daƙiƙa 120 zance ya dawo, yana kuma iya riƙe tsofaffin hanyoyin har daƙiƙa 360.

Abubuwa biyu ake yawan mantawa a nan. Na farko, a IOS na gargajiya wannan ba ya zuwa a kunne, sai an rubuta nsf a ƙarƙashin OSPF, an rubuta bgp graceful-restart a ƙarƙashin BGP. Na biyu, rautoci suna sanar da juna wannan damar ne a saƙon buɗe zance na BGP. Wanda ya rubuta umarnin yau bai sake ɗaura zancen ba, maƙwabcinsa bai san an yi ba. Haka kuma idan maƙwabcin bai san yarjejeniyar ba, kai kaɗai kake kiɗanka.

Mun san abin da za a mayar mana, kuma ba mu raina shi ba.

Za a ce gwaji haɗari ne: yaya za ka kashe ƙwaƙwalwa mai lafiya da hannunka? Amsarmu ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Umarnin redundancy force-switchover don wannan aka yi shi. Ka zaɓi tsakar dare, ka sanar da jama'a, injiniyoyi suna zaune, ka tilasta miƙa ragama ka ƙirga abin da ya ɓace. Idan akwai matsala, gara ta bayyana a daren da ka zaɓa da ta bayyana ranar biyan albashi da tsakar rana. Mai tsoron gwajin ya riga ya faɗa mana bai yarda da ko-ta-kwanan nasa ba, to me ya sa yake rubuta ta a rahoto?

Za a ce ƙwaƙwalwa biyu ba ta hana kowace ɗaukewa. Gaskiya ne, mun sallama. A ranar 8 ga Yuli 2022 kamfanin Rogers na Kanada ya durƙushe, sama da mutum miliyan 12 suka rasa sabis, biyan kuɗi da kati ta Interac ya tsaya, wasu suka kasa kiran lambar gaggawa ta 911. Dalilin shi ne an cire wata matatar hanyoyi yayin sabunta saiti, ambaliyar hanyoyi ta cika manyan rautocinsu har suka gaza. Irin wannan cutar ko-ta-kwana ba ta maganinta, domin saitin da ya kashe ta farko shi ne aka kwafa wa ta biyu. Haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka lalace, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu, ba ruwan ƙwaƙwalwar rauta a ciki. Amma wannan hujja ce ta ƙara shiri: wuta biyu, hanya biyu, bitar saiti kafin a ɗora. Ba ta wanke wanda ya bar abin da ke hannunsa a lalace ba. Mai gidan da ya ƙi gyara ƙofa don ɓarawo na iya haurowa ta katanga ba wayo ya yi ba.

Ƙorafi na uku shi ya fi nauyi, kuma daga masana yake fitowa. Sake tashi cikin lalama yana da nasa haɗarin. Idan rautar gaba ɗayanta ce ta mutu, misali wuta ta yanke mata, maƙwabci mai haƙuri na iya ci gaba da zuba mata kaya a rami har wa'adin jiransa ya cika, alhali da ya goge ta nan take da kayan sun bi wata hanyar. Shi ya sa inda akwai rautoci biyu da hanyoyi biyu, wasu injiniyoyi suka fi son gano mutuwa da sauri ta BFD a kauce. Wanda kuma ya matse wa'adin jiran gaisuwar OSPF sosai, daga daƙiƙa 40 na asali zuwa ɗaya, yana iya sa maƙwabta su yanke hukunci kafin sabuwar ƙwaƙwalwa ta buɗe baki. Akwai hanya ta uku, NSR, inda ake kwafa wa ta biyun har zantawar hanyoyin kanta, maƙwabta ba sa ma sanin an yi canji. A na'urorin Juniper ana ɗora ta a kan GRES, kuma ba a haɗa ta da sake tashi cikin lalama, sai dai a zaɓi ɗaya. Ba mu ce kowa ya bi hanya guda ba. Wanda ya auna ya zaɓa, ya rubuta dalilinsa, ba da shi muke ba. Faɗanmu da wanda bai zaɓi komai ba ne, ya bar na'ura yadda ya same ta, yana kiran hakan shiri.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Manhajar ƙwaƙwalen biyu ta zama ɗaya. A duba matakin da na'urar ke aiki a kai, kada a tsaya ga wanda aka rubuta mata, a kuma sa ƙararrawa ta yi kuka idan ta biyu ta bar STANDBY HOT. A tabbatar maƙwabta sun amince da yarjejeniyar. A gwada miƙa ragama bayan kowane sabunta manhaja, a rubuta daƙiƙoƙin da aka rasa. Shugaban da ya sa hannu a takardar sayen ƙwaƙwalwa ta biyu yana da haƙƙin ya tambayi ranar gwaji na ƙarshe da sakamakonsa. Idan aka yi shiru, ya san kuɗinsa na can suna barci a bayan mota.

Mu kuma 'yan uwa marubuta, da sauranmu. Mun iya bayyana launin leshin jaruma da ƙirar motar jarumi har shafi biyu, amma na'urar da albashin mahaifinta ke ratsawa mun bar wa Turanci. Muddin masu karatunmu suna ɗaukar kowace ɗaukewar sabis a matsayin abin da ba a tambaya, masu sakaci za su ci gaba da fakewa a bayan kalmar netwok. A cikinmu akwai waɗanda suka karanta kwamfuta da lantarki da aikin jinya da gine-gine. Kowa ya ɗauko abu ɗaya daga fanninsa ya warware shi da Hausa, ya nuna inda alhaki yake.

Injiniyoyin da ke wannan zaure, idan mun yi tuntuɓe a wani wuri ku gyara mana a ƙasa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda kuma ke da rauta mai ƙwaƙwalwa biyu a wurin aikinsa, ya je gobe ya rubuta show redundancy states, ya dawo ya faɗa mana abin da ya gani.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.