Sabon faifan sola na tafe: a tambayi shekarunsa kafin a tambayi farashinsa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lissafin ɗan kasuwa a Legas ya sauya. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga shi a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda faifan sola ya fara hawa rufin shaguna a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, wuraren da a da ba a jin komai sai kukan janareta. Mai sayar da ƙanƙara, da tela, da mai cajin waya, da mahaucin da ke ajiye nama a firji kusa da mayankar Oko-Oba, duk buƙatarsu ɗaya ce: wutar da ba ta cinye riba.

To, akwai wani sabon nau'in faifai da ke kan hanya, kuma ya kamata 'yan kasuwarmu su san shi tun bai sauka a tashar Apapa ba. Sunan sinadarin da ake yin sa da shi ferobiskayit. Asalin sunan na wani dutse ne da aka gano a tsaunukan Ural na ƙasar Rasha a 1839, amma wanda ake sa wa a faifai ba haƙo shi ake yi ba, harhaɗa shi ake yi daga dalma da aidin da wasu gishirai. A 2009 ne Farfesa Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Jafan suka fara samar da lantarki da shi, inda ya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta. Cikin shekara 15 adadin ya haura kashi 26 a ɗakin gwaji. Silikon, wanda da shi ake yin kusan duk faifan da ke kasuwa, sai da ya kwashe shekaru masu yawan gaske kafin ya kai wannan matsayi.

Abin da ya fi jan hankalin masu masana'antu shi ne hanyar ƙera shi. Silikon sai an narka shi a zafin da ya wuce digiri 1,400, a yi curi, sannan a yanyanka. Shi kuwa wannan ana iya dama shi kamar tawada, a shafa a kan gilashi ko leda, a busar da shi a zafin da bai fi digiri 150 ba. Kaurin shafin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin yankan silikon ba. A 2015 masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan suka nuna yadda za a yi shi a matsayin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya, kuma ta sauya girmansu da haɗinsu ana zaɓar launin hasken da za su kama. Haka kuma ana ɗora shafin a kan silikon, na sama ya kama shuɗin haske, na ƙasa ya kama ja. Da wannan goyo ne kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 a 2023, alhali iyakar silikon shi kaɗai ba ta wuce kashi 29 da 'yan kai ba. A watan Satumba na 2024 kamfanin Oxford PV, mai masana'anta a Jamus, ya sayar da kashin farko na irin wannan faifai ga wani mai saye a Amurka.

Amfanin wannan ga wuri irin Agege a fili yake. Matsalar mai shago a can ba rashin rana ba ce, rashin fili ne. Rufin kwanonsa ɗan kaɗan ne, sau da yawa ma na haya ne, kuma katakon ya tsufa, ba zai ɗauki nauyin gilashi mai yawa ba. Faifan da zai ba da ƙarin wuta a wuri ɗaya, ko leda marar nauyi da za a shimfiɗa a naɗe ranar tashi, abu ne da zai samu kasuwa nan take.

Sai dai fa akwai rina a kaba. Babban maƙiyin wannan sinadari laima ce, sai zafi. Idan danshi ya samu kafar shiga, baƙin shafin yakan koma rawaya, wuta kuma ta tafi. Legas kuwa gari ne na ruwa da gumi, ga iskar teku mai gishiri, ga kwanon da ke ɗaukar zafi da tsakar rana. Faifan silikon na kirki ana ba shi garantin shekara 25, kuma akwai waɗanda suka yi waɗannan shekaru a kan rufi ana gani. Ferobiskayit gaba ɗaya bai kai wannan shekaru da fitowa ba. Gwajin da masana'antu suka dogara da shi, wato a ajiye faifai awa 1,000 cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85, don silikon aka tsara shi. Cin wannan jarrabawa ba shaida ba ce cewa kayan zai ga damina goma a Agege. Wanda ya ci bashi ya sayi faifai a kan lissafin shekara 20, ya mutu masa a shekara ta huɗu, ya fi mai janareta asara.

Na biyu shi ne dalma. Gaskiya ne cewa abin da ke cikin faifai kaɗan ne, bai kai giram ɗaya a murabba'in mita ba, kuma batirin mota ɗaya ya ninka shi sau dubbai. Amma irin wadda ke narkewa a ruwa ce, mu kuma mutane ne masu tarar ruwan sama daga indararo. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba zai ɗauki zancen da wasa ba. Fasasshen faifai a nan ba shi da makoma sai hannun 'yan gwangwan, kuma da yawansu 'ya'yanmu ne.

A ganina, kuskure ne a jira sai kwantena ta iso sannan a fara neman doka. Sin ta riga ta gina masana'antunsa, Jafan ta sa wa kanta burin gigawat 20 kafin 2040, kuma kowa ya san inda kayan da ya kasa cin jarrabawa a wata ƙasa yakan ƙare. A watan Maris na 2025 ministan kimiyya na lokacin ya yi zancen hana shigo da faifan sola don a kare na gida. Da ƙarfin da aka sa a wannan muhawara an sa shi wajen kafa filin gwaji, da ya fi amfani. Muna da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, inda zafi da ƙurar hunturu za su gwada kaya. A samu takwararta a Legas saboda laima. Hukumar SON ta ce duk nau'in da bai yi aƙalla damina biyu da bazara biyu a waɗannan wurare ba, ba zai samu takardar shigowa ba, a kuma wajabta wa mai shigo da shi karɓar matacce.

Wannan ba aikin gwamnati kaɗai ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa a Legas da fadar Sarkin Hausawan Agege suna da bakin da ake ji, kuma mutanensu ne za su yi dillancin kayan zuwa Kano da Maraɗi. Mai niyyar sa sola a bana kada ya dakata yana jiran sabo, na silikon ya wadatar, kuma farashinsa ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya a 2023 da 2024. Ranar da dillali ya zo da sabon kuwa, a nemi garanti a rubuce, da sunan kamfanin da ke da ofis a Najeriya, da adadin wutar da aka yi alkawarin faifan zai riƙa bayarwa a shekara ta goma.