Fiyano Ba Ya Jin Hausa: Darasi Daga Wata Rumfa A Kongolam

Kwanakin baya, a kan hanyata ta zuwa Damagaram, na yada zango a Kongolam, garin nan na bakin iyaka da ke arewa da Daura. Ina jiran a gama duba takardun motarmu, sai na ji wata ƙara mai kama da kukan algaita tana fitowa daga rumfar wani matashi mai gyaran rediyo. Da na leƙa, sai na tarar da ɗan katako ne ya jera wa wayoyi, da batir, da tsohuwar lasifika, da ƙwayar lantarkin nan mai lamba 555, wadda take kasuwa tun 1972. Ya ciro mamurɗin ƙara murya daga matacciyar rediyo ya liƙa da dalma. In ya murɗa dama sautin ya hau, in ya murɗa hagu ya gangaro. Na ce masa, "Samari, ka kuwa san abin da ka haɗa?" Ya ce, "Wasa ne kawai, Malam."

A nawa ganin ba wasa ba ne, kuma sana'ata ta nazarin harshe ce ta sa na faɗi haka. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau. Da shi muke bambance wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Da shi ne "kai" na wanda ake yi wa magana ya rabu da "kai" na sa hula. Shi ya sa kalangu yake magana: makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana sakinta, sautin yana sulalowa tamkar muryar mutum. Wannan sulalowar ce na ji a katakon yaron nan.

To, mai karatu, dubi fiyanon da ya mamaye waƙoƙin finafinanmu da bukukuwanmu tun ƙarshen shekarun 1990. An raba sautinsa mataki-mataki, 12 a kowane hawa, bisa tsarin kiɗan Turai. A 1983 kamfanonin Amurka da Japan suka fito da MIDI, wato yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti. Umarni kawai take kaiwa, cewa a buga sauti kaza da ƙarfi kaza, ta layuka 16. A 1991 aka tsayar da jerin muryoyi 128 na bai-ɗaya. A ciki akwai sitar ta Indiya da koto na Japan, har da kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu kakaki. Gaskiya ne wasu fiyanon suna da ɗan abin lanƙwasa sauti, wasu ma ana iya ɗora musu sababbin muryoyi, amma sau nawa ka ji an yi amfani da su don bin karin Hausa? Abin da na fi ji shi ne mawaƙi yana karya karin kalma domin ta zauna a kan kiɗa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba wai ina ƙyamar na'ura ba ne. Ga Mamman Sani a tsallaken iyaka, wanda a 1978 ya naɗi kiɗansa da fiyanon lantarki ƙirar Italiya a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, duniya ta saurara. Shi ya sarrafa na'urar, ba ita ta sarrafa shi ba.

Wani zai ce wannan hanya ce ta raba makaɗan gargajiya da abincinsu. Ai fiyano ya riga ya yi musu wannan illar, domin yau yaro ɗaya da janareta kan tashi bikin da a da sai an kira makaɗa biyar. Abin da nake nema shi ne a mayar da makaɗin kalangu malami, tunda shi ya san iyakar hawa da saukar da na'urar za ta kwaikwaya.

Don haka ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan masu gyara, ta koya musu yadda ake sa ƙarfin lantarki ya juya sauti, da yadda ake haɗa abin da suka ƙera da fiyano ta wayar MIDI. Mu kuma na sassan harsuna mu kawo abin da muka sani game da karin sauti, masarautar Daura ta kawo makaɗanta. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji waƙar da kalmominta Hausa ne amma karinta na wasu ne.

Kafin in bar rumfar, na roƙi yaron ya sa katakonsa ya ce "sannu da aiki". Ya murɗa sau uku bai dace ba. A na huɗu, wani dattijo da ke sayar da goro a gefe ya ɗago kai ya ce, "Yauwa."