Tiyo Soga da ƴaƴansa: boko bai raba su da harshen gida ba

A cikin ƴan uwana malamai akwai masu cewa duk yaron da ya yi nisa a lekol dole ya yi nisa da harshen uwarsa, wai ba makawa. Ban yarda ba, kuma hujjata wani fasto ne na Afirka ta Kudu da ya rasu tun 1871. Ba maganar addini nake yi ba, maganar tarbiyya ce.

Sunansa Tiyo Soga, ɗan ƙabilar Xhosa, an haife shi a 1829. Mahaifinsa bafaden sarki Ngqika ne. Yana karatu a makarantar mishan ta Lovedale sai yaƙin 1846 ya ɓarke tsakanin mutanensa da Turawan Ingila, shugaban makarantar, William Govan, ya tafi da shi Sikotland. A zuwansa na biyu can aka naɗa shi fasto na cocin Firesbiteriyan a ƙarshen 1856, baƙar fata na farko daga ƙasarsa da ya kai wannan matsayi. A 1857 ya auri wata ƴar Sikotland, Janet Burnside, suka dawo gida suka tarar da yunwa, domin Xhosa sun yanke shanunsu bisa wahayin wata yarinya, Nongqawuse.

Ya sha wuya ta ɓangare biyu. Turawan yankin ba su ji daɗin ganin baƙi da baturiya a matsayin miji da mata ba. Nasa mutanen kuma suna yi masa kallon yaro saboda bai shiga kaciyar gargajiya ba, shi ma ya riƙa sukar ta da kakkausar murya. A nan ina ganin ya matsa da yawa.

Amma dubi abin da ya yi da alƙalaminsa. Mutumin da ya iya Turanci kamar ɗan Glasgow ya zaɓi ya yi rubutu da Xhosa. A jaridar Indaba, a 1862, ya yi kira a tattara tatsuniyoyi da tarihin sarakuna daga bakin tsofaffi kafin su tafi da su kabari. Ya fassara kashi na farko na littafin John Bunyan, Pilgrim's Progress, ya kuma tsara waƙoƙin ibada da ake rerawa har yau. Tarin fuka ya ɗauke shi yana da shekara 42.

Kafin ya rasu ya bar wa ƴaƴansa wasiyya a rubuce, ya gargaɗe su kada su ji kunyar jinin ubansu ko da uwarsu fara ce. Maza huɗu sun yi karatu a Sikotland, duk sun dawo. William ya zama likita kuma fasto, Allan ɗan jarida. Jotello ya gama karatun likitan dabbobi a Edinburgh a 1886, ya yi fama da cutar bushiya lokacin da ta afka wa shanun ƙasar.

Mu nan Nijar, tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a takarda. Sai dai shiga gidajen wasu ma'aikata a Yamai ko Damagaram, za ka ji uba yana yi wa ɗansa faɗa da Faransanci, yaron kuma ba ya iya gaida kakarsa yadda ya kamata. Lekol ake ɗora wa laifi, alhali yaro ya fi daɗewa a gida fiye da aji. Ƴaƴan Soga uwarsu ma baturiya ce, duk da haka John Henderson Soga ya rubuta manyan littattafai biyu kan tarihi da al'adun mutanensa, ya kuma ƙarasa fassarar Bunyan daga inda mahaifinsa ya tsaya.