Durgadas Rator: bafaden da ya riƙe amanar gida biyu

Jama'a, a ƙasar Indiya rigima a kan tarihi ba ta mutu ba. A shekarar 2015 hukumomin birnin Delhi suka cire sunan sarki Aurangzeb daga wata babbar hanya, kuma masu zafin kishin addinin Hindu suna ɗaga Durgadas Rator a matsayin jarumin da ya yaƙi Musulunci. Mu kuma, da mun ji an taɓa sarki musulmi, sai mu ja daga tun ba mu ji ba'asi ba. A ganina, duka ɓangarorin biyu sun zalunci mutumin nan.

A ƙarshen 1678 Jaswant Singh, sarkin ƙasar Marwar, ya rasu a Jamrud yana yi wa daular Mogol aikin soja, bai bar ɗa namiji ba. A Fabrairun 1679 wata matarsa ta haifi Ajit Singh a Lahor. Aurangzeb ya riga ya mamaye Jodpur, babban birnin ƙasar. Ya nemi a kai jaririn fadarsa a rene shi, ya naɗa wani ɗan dangi a kan gadon. Kowa ya san ma'anar irin wannan reno. Durgadas, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Rajput, ya fitar da yaron daga Delhi da kaifin takobi, aka ɓoye shi cikin duwatsu, aka shiga yaƙin sari-ka-noƙe na kusan shekara 30.

Ba zan ce babu addini cikin lamarin ba: a wannan shekara ce Aurangzeb ya maido da jiziya, aka kuma rusa wuraren bautar Hindu a Marwar. Amma a dubi abokin tafiyar Durgadas. A 1681 yarima Akbar, ɗan Aurangzeb na cikinsa, ya yi wa ubansa tawaye da goyon bayan Rajput. Da shirin ya watse, Durgadas bai sayar da shi ba. Ya raka shi har kudu, wurin Sambaji, sarkin Marata.

Akwai abin da ya fi wannan. Akbar ya bar ɗiyarsa Safiyatun Nisa da ɗansa Buland Aktar a hannun Rajput, wato jikokin babban abokin gaba. Wani da sai ya ce tsuntsu daga sama gasasshe. A 1696 aka mayar da yarinyar wurin kakanta, kuma marubucin zamanin, Ishwardas Nagar, ya ruwaito cewa da sarkin ya nemi a samo mata malama, sai ta ce ai Durgadas ya kawo mata wata daga Ajmer, har ta haddace Alƙur'ani. Ina maƙiyin Musulunci a nan? Masu riƙe da hotonsa a tarukan siyasa ba su cika faɗin wannan ba.

Aurangzeb ya rasu a 1707, Ajit Singh ya shiga Jodpur ya hau gadon ubansa. Ba a daɗe ba zaman ya gagara tsakanin sabon sarki da dattijon da ya ɗauke shi cikin tsumma. Durgadas ya bar Marwar, ya rasu a Ujain cikin 1718 yana da shekara 80. Shi kuwa Ajit Singh, ɗansa Bakt Singh ne ya kashe shi a 1724.