Minti biyar a Bouaké: Abin da son ƙwallo ke yi wa zuciyar mai kallo

A daren Laraba 7 ga Fabrairun 2024, saura kimanin minti biyar a tashi wasan daf da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka, Victor Osimhen ya tura ƙwallo ragar Afirka ta Kudu a birnin Bouaké na ƙasar Kwaddibuwa. Najeriya na da ɗaya dama, wadda William Troost-Ekong ya ci a bugun fenareti. Wannan ta zama ta biyu ke nan. A gidajen kallo daga Kano har Fatakwal benci ya kife, shayi ya zube, mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suka rungumi juna.

Murnar ba ta yi nisa ba. Alƙalin wasa ya ruga wurin na'urar VAR, ya dawo ya soke ƙwallon, sannan ya nuna ɗaya ɓangaren filin ya ba Afirka ta Kudu fenareti, saboda tun kafin a kawo harin, Alhassan Yusuf, ɗan asalin Kano, ya taɗe Percy Tau a cikin da'irar Najeriya. Teboho Mokoena ya buga ta shiga. Abin da mutane suka gani da idonsu a matsayin biyu da nema ya koma ɗaya da ɗaya. Aka yi ƙarin lokaci ba ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Stanley Nwabali ya tare biyu, Kelechi Iheanacho ya ci ta ƙarshe, Najeriya ta wuce da 4 da 2.

Washegari, ana cikin murna, labaran rasuwa suka fara fitowa. Tsohon ɗan majalisar wakilai daga Jihar Delta, Dakta Cairo Ojougboh, ya rasu yana kallon wasan. An ruwaito irin haka game da wani babban jami'in kuɗi na wata jami'a a Kwara da wani matashi mai yi wa ƙasa hidima a Adamawa. Kwana huɗu bayan nan Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abidjan, bayan Najeriya ce ta fara ci. Cikin mako guda mai goyon bayan Super Eagles ya ɗanɗani duk abin da ƙwallo ke iya yi wa mutum.

Akwai masu ganin duk wannan shirme ne. Sukan ce son maso wani ƙoshin wahala: me ya haɗa ɗan Kurna ko ɗan Tudun Wada da wata ƙungiya a Landan da ba ta san an haife shi ba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman idan aka ji saurayi yana cewa "mun sayi ɗan wasa a kan fam miliyan ɗari" alhali mai shayi na bin sa bashin jiya. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai fahimci abin da ke kai mutane gidan kallo ba.

Matashin da ya wuni yana tuƙa adaidaita sahu, ko ya gama makaranta shekara uku ba aiki, yana da wurare kaɗan da ake sauraron ra'ayinsa. A majalisar ƙwallo ana saurara. Ya san tarihin ƙungiyarsa, ya san wanda ya ji rauni, yana iya kafa hujja ya kayar da wanda ya girme shi ko ya fi shi kuɗi, kuma a yi dariya a watse lafiya. A benci ɗaya za a ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe sun zama 'yan gida ɗaya don duk Chelsea suke yi, suna tsokanar ɗan unguwarsu da ke Arsenal. Wurare nawa ne suka rage a ƙasar nan da ake samun irin wannan zama? Tsokanar ma ba baƙuwa ba ce a al'ada. Wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ko tsakanin taubasai, shi ne ya sami sabuwar riga.

Kuma ƙwallo na koyar da haƙuri ta hanyar da ba ta da daɗi. Wanda ya kamu da son Arsenal a 2004, shekarar da ta cinye gasar Firimiya ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ya shafe shekara ashirin cur bayan nan bai sake ganin kofin ba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ana ta yi masa dariya. Magoya bayan Manchester United da suka saba cika baki a zamanin Alex Ferguson sun ga ƙungiyarsu ta ƙare a mataki na 15 a kakar 2024/2025. 'Yan Barcelona da suka yi ta tsalle a 2017 lokacin da suka rama wa PSG da 6 da 1, su ne suka kashe wayoyinsu a 2020 daren da Bayern Munich ta zuba musu 8 da 2. Duniya rawar 'yan mata ce, kuma babu inda ake ganin na gaba ya koma baya da sauri kamar a teburin gasa.

Idan ana neman inda son ya fi zafi, ba sai an je Turai ba. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan daf da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Ta yi kimanin shekara goma sha biyu ba a doke ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Yaron da ya tashi a wancan zamani ya girma da yaƙinin cewa duk wanda ya shigo filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zo karɓar kashi ne. "Sai Masu Gida" a bakinsa kusan rantsuwa ce. Ya ga tasowar Ahmed Musa, ya ga Rabi'u Ali yana buga ƙwallon da ta sa aka laƙaba masa Pele.

Wannan yaron ne, da ya zama magidanci, ya ga abin da bai taɓa zato ba a 2022: Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ta dawo a shekarar da ta biyo baya, amma tabon bai goge ba. Abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, wasu daga cikin masu iƙirarin son ƙungiyar suna da hannu a wahalarta. A watan Afrilun 2022, bayan canjaras da Katsina United, an farfasa motar baƙin, aka ci tarar Pillars, aka kuma kore ta daga filinta. A Oktoban 2025 aka maimaita: Shooting Stars ta farke ƙwallo ana daf da tashi, wasu suka tsallaka fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi, hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta rufe filin. Dubban mutanen da suka biya kuɗin ƙofa suka zauna lafiya su ne suka rasa kallon ƙungiyarsu a gida. Mai sayar da ruwa da mai tsire a bakin filin su ma sun rasa kasuwar ranar wasa. Mai jifan kuwa ya koma gida yana ganin ya nuna ƙauna.

Haka aka yi a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, lokacin da Ghana ta riƙe Najeriya ɗaya da ɗaya ta hana ta zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar. A daren da ake kiɗa a zangon Kumasi, 'yan kallo a filin Moshood Abiola suka shiga suka lalata kayan filin da ba a daɗe da gyarawa ba. FIFA ta ci tarar Najeriya, ta kuma sa ta buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Kujerar Qatar dai ba ta dawo ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan alƙalan wasa, kuma ba ƙarya ba ne cewa alƙalanci a gasar cikin gida ya daɗe yana ba mutane haushi. Gyaran wannan yana wuyan hukumar gasar da NFF. Amma hukunta ƙungiya kaɗai bai wadatar ba, tunda an gwada shi sau da yawa. Yau kusan kowa a filin yana riƙe da waya, fuskar mai jifa tana fitowa a bidiyo kafin a kai ga bakin titi. Idan aka kama mutum biyar aka gurfanar da su da sunayensu, aka hana su shiga kowane fili, zai fi tasiri a kan tarar miliyoyin da ƙarshenta daga asusun gwamnatin jiha za ta fito, wato daga aljihun talakan da bai ma je kallo ba.

Batun zuciya shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutane kan ce ai kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, kowa da ajalinsa. Wannan bai hana a san sababi ba. Likitoci a birnin Munich sun bi diddigin waɗanda aka garzaya da su asibiti saboda ciwon zuciya a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka wallafa sakamakon a 2008 a mujallar New England Journal of Medicine. A ranakun da Jamus ke wasa, adadin ya haura ninki biyu da rabi, a tsakanin maza kuwa ya haura ninki uku, kuma abin ya fi tsanani cikin awa biyun farko da take wasa. A Ingila ma an ga ƙarin kashi 25 cikin ɗari na masu bugun zuciya da aka kwantar bayan Ajantina ta fitar da ƙasar a bugun fenareti a 1998.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fargaba na sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara gudun zuciya, su matse jijiyoyi, jini ya hau. Lafiyayyen mutum zai jure. Wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntace, ko yake ɗauke da hawan jini bai sani ba, minti biyar irin na Bouaké na iya zame masa na ƙarshe. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum na iya shekaru da shi yana jin garau. A haɗa da ɗakin langa-langa mai zafi, hayaƙin janareta da na sigari, da lemon ƙarin kuzarin da samari ke kwankwaɗa kamar ruwa. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da ciwon suga, ko aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ya kamata ya auna kafin babban wasa, ya sha maganinsa a kan lokaci. Idan aka zo bugun fenareti ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ko gumi mai sanyi ya keto masa, ko ciwo na sauka hannunsa na hagu, maganar ta wuce a yi masa fifita a yayyafa ruwa. Asibiti za a nufa a take.

Caca ta ƙara dagula lissafin. Da can wanda ƙungiyarsa ta sha kashi yakan yi asarar bakinsa ne na kwana biyu. Yanzu akwai wanda kuɗin cefane ko jarin shagon ubangidansa ke kan ƙwallon minti na 90, kuma yana iya sakawa daga wayarsa ba wanda ya gani. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 da ya mayar da ikon kula da harkar caca hannun jihohi, Hisbah a Kano ta sa ƙafar wando ɗaya da shagunan. Rufe shago bai taɓa manhajar da ke cikin aljihu ba, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu ya daina kallon wasa don daɗinsa ba, tikitinsa yake kallo.

Su kansu gidajen kallon suna buƙatar a dube su da idon rahama da na doka a lokaci guda. Sana'a ce da ke ciyar da iyalai, kuma ita ce silimar talaka. Amma a Afrilun 2017 a Kalaba babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, mutane suka mutu. A Yunin 2014 an tayar da bam a wajen wani gidan kallo a Damaturu ana kallon Birazil da Meziko. Har yau gidajen kallo da yawa ƙofa ɗaya gare su, ita ce ta shiga ita ce ta fita, mai karɓar kuɗi na zaune a bakinta da benci a gicce. Ƙananan hukumomin da ke zuwa karɓar haraji a wurin za su iya sharɗanta ƙofa ta biyu, da tagogi, da ajiye janareta nesa da jama'a, kafin su yanka rasit.

Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma sun daɗe suna kukan cewa maza ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su ranga-ranga. Ga mazan nan, dubbai, suna yin layi da ƙafarsu a Ƙofar Mata da filin Muhammadu Dikko na Katsina duk ranar wasa, awa biyu kafin a take. Tebur biyu, ma'aikatan jinya huɗu da na'urar awon jini a bakin kowace ƙofa ba za su ci kuɗin da ake kashewa a walimar karɓar sabon ɗan wasa ɗaya ba.